Yadda Za Ka Sauya Tsohon Maus Marar Waya Da Sabo, Mataki-Mataki

Tambayar nan ta yawaita, kuma kusan kullum da siga ɗaya take zuwa mini: maus ɗina marar waya ya fara gardama, na sayo sabo, na kunna shi, amma kibiyar ta ƙi motsi, ina na kuskure? Idan na bi diddigi, da wuya in tarar laifin na sabon maus ɗin ne. Galibi mutum ya fara ne da abin da ya kamata ya zo ƙarshe. Ya zare tsohon, ya yar da ɗan risibansa, sannan ya zauna gaban kwamfuta ba shi da abin da zai danna komai da shi.

Aikin ba ya wuce minti goma in an bi shi da tsari. Ƙa'ida ɗaya nake so ka riƙe tun daga nan: tsohon maus yana nan a haɗe, ko da yana ɗingishi, har sai sabon ya nuna yana aiki. Kada a saki reshe a kama ganye.

Idan na ce risiba a wannan jagora, ina nufin ɗan ƙaramin abin nan da bai wuce girman farce ba, wanda ake cusawa a ramin USB domin maus ya riƙa magana da kwamfuta. Kibiya kuwa ita ce alamar da ke yawo a fuskar kwamfuta idan ka motsa hannu.

1. Tabbatar da cewa tsohon ya mutu da gaske

Kafin ka kashe ko sisi, ba tsohon dama ta ƙarshe. Sa masa sabon batir, sabo fil, ba wanda ka ciro daga rimot ko tocila ba. Leƙa cikin gidan batirin. Idan ka ga farin gari ya daskare a kan ƙarfen da batir ke taɓawa, tsohon batir ne ya yi yoyo, kuma wannan garin yana hana wuta wucewa. Ka goge shi da auduga a kan tsinke, ka bari ya bushe sarai, ka wanke hannunka bayan ka gama. Daga nan kifa maus ɗin ka hure ɗan ramin idon da ke ƙasansa, domin silin gashi ɗaya ya isa ya sa kibiya ta riƙa rawa. Sai ka mayar da risiban wani ramin USB daban. In akwai wata kwamfuta kusa, gwada shi a can. Idan ya yi aiki lafiya a can, matsalar tana jikin kwamfutarka, kuma sabon maus zai zo ya tarar da ita tana jiransa.

Akwai cututtukan da batir ba ya magance su. Ka danna sau ɗaya ya ƙirga biyu, ko kana jan fayil ya sake shi a tsakiyar hanya: ɗan makunnin da ke ƙarƙashin maɓallin ne ya gaji. Tayar tsakiya tana komawa sama alhali kai ƙasa kake murzawa, ko bayan ka hure ta: na'urar da ke ƙirga juyinta ce ta lalace. Mai iya aikin dalma zai iya sauya makunnin, amma a maus mai araha ladan gyaran na iya kamo kuɗin sabo. A nan sauyawa ce hanya.

Haka nan idan risiban ne ya ɓace. Yawancin ƙananan maus an ɗaura su da risibansu tun daga masana'anta, ba sa sauraron wani.

2. Duba kwamfutar kafin ka zaɓi maus

Abubuwa uku za ka duba, kuma na ukun shi ne ya fi jefa mutane a wahala.

Na farko, irin ramukan da ke jikinta. Ramin USB na da, mai faɗi mai kusurwa huɗu, shi ake kira USB-A, kuma yawancin risiba nasa ne. Ƙaramin mai zagayayyen baki shi ne USB-C. Sababbin kwamfutocin cinya da yawa, musamman MacBook, USB-C kaɗai suke da shi. Idan taka haka take, ko dai ka nemi maus na Bluetooth, ko mai risiban USB-C, ko ka ƙara kuɗin ɗan adafta a lissafinka.

Na biyu, ko tana da Bluetooth. Kusan duk kwamfutar cinya tana da shi, amma kwamfutocin tebur da yawa ba su da shi. A Windows, danna maɓallin Windows tare da X, ka zaɓi Device Manager. Idan ka ga layin da aka rubuta Bluetooth, akwai shi. Sababbin maus da yawa suna amfani da nau'in da ba ya cin batir sosai, wanda ke buƙatar Bluetooth 4.0 ko sama, kuma Windows 7 ba ta san shi ba. Mai tsohuwar kwamfuta gara ya tsaya kan mai risiba.

Na uku, shin kibod ɗinka ma marar waya ne? Idan tare ka saye su a kwali ɗaya, to kusan tabbas risiba ɗaya suke rabawa. Gargaɗi: ka zare wannan risiban, ka kashe kibod ɗin nan take. A irin wannan hali tsohon risiba zai ci gaba da zama a wurinsa saboda kibod, sabon maus kuma ya nemi nasa ramin. Ke nan kana buƙatar rami ɗaya da babu kowa a ciki. Ƙirga tun yanzu.

3. Zaɓen sabon

Maus marar waya iri biyu ne, sai na uku da ya haɗa su. Mai risiba yana aiki a kan zangon rediyo na 2.4GHz, ka cusa kawai ya kama, kuma yana aiki tun kafin Windows ta gama tashi, har a cikin BIOS, wato shafin saitin da ake shiga kafin Windows ta tashi. Aibinsa shi ne yana cinye rami ɗaya, kuma ɗan risiban ba ya da wuyar ɓata. Na Bluetooth ba ya cin rami, yana iya hawa kan tabilet ma, amma sai an haɗa shi ta cikin saiti, yakan ɗan yi jinkirin farkawa bayan ya yi barci, kuma galibi ba ya aiki a BIOS. Mai hanya biyu yana da duka, da ɗan maɓallin sauyawa a ƙasansa. In da hali, shi nake ba da shawara, domin ranar da hanya ɗaya ta ƙi, ɗayar tana nan.

Maganar batir ita ce maganar kuɗi. Mai batirin AA ko AAA ya fi arha wajen saye, kuma batir ɗaya mai kyau kan yi watanni, wasu kamfanoni ma suna cewa shekara ko fiye. Amma za ka ci gaba da sayen batir muddin kana amfani da shi. Mai caji ya fi tsada da farko, sai dai ba ka ƙara sayen komai, har zuwa lokacin da batirin cikinsa zai tsufa, kuma a yawancinsu ba a yi shi don a sauya ba. Idan mai caji za ka ɗauka, duba inda ramin cajin yake. Magic Mouse na Apple a ƙasansa yake, don haka ba ya amfani yayin da yake caji.

Kada manyan lambobin DPI da ke jikin kwali su ruɗe ka. DPI na nufin nisan da kibiya ke yi idan ka motsa hannu inci ɗaya. Don rubutu, lissafi da yawo a intanet, tsakanin 800 da 1600 ya wadatar. Masu wasannin kwamfuta ne ke da dalilin biyan kuɗin maus mai aika saƙo sau 1000 a daƙiƙa. Na ofis da yawa sau 125 suke aikawa, kuma mai buga takarda ba zai ji bambanci ba.

Abin da na fi damuwa da shi, wanda kuma mutane suka fi rainawa, shi ne girman. Ƙananan maus na tafiya suna da sauƙin sawa a jaka, amma babban hannu zai wuni a dunƙule a kansu, da yamma wuyan hannu ya fara zogi. Idan za a bar ka ka riƙe kafin ka biya, ɗora tafinka a kai ka ga ko yatsu sun kai maɓallan ba tare da miƙewa ko lanƙwashewa ba. Bahago ya nemi mai siffa ɗaya ta ɓangarorin biyu, saboda waɗanda aka lanƙwasa don babban yatsa kusan duka na hannun dama ne. Wanda wuyan hannu ke damunsa tun da can yana iya gwada irin na tsaye, wanda ake riƙewa kamar ana musabaha.

Ajiye rasidi da kwalin har ka yi aƙalla mako guda da shi.

4. Buɗe kwali da sa batir

Wannan gajere ne, amma a nan ake zaton an sayi matacce. Nemo risiban tukuna. Sau da yawa ba ya fili a cikin kwali, yana ɓoye a gidan batir ko a wani ɗan rami a ƙasan maus ɗin. Kada ka yar da kwali sai ka riƙe shi a hannu.

Idan batir ya zo a ciki, akwai ɗan filastik da aka soke tsakaninsa da ƙarfen don kada ya zuƙe a hanya. Zare shi. Idan kai za ka sa, bi alamar + da − da aka zana a ciki. Mai cin batir biyu kada ka haɗa masa sabo da tsoho. Mai caji kuma ka ba shi caji kafin ka fara. Ɓare duk wata leda da ke rufe da idon ko ƙafafun ƙasa, sannan ka tura makunnin zuwa ON.

Gargaɗi: kada ka ce ya mutu don ba ka ga jar wuta a ƙasansa ba. Maus marar waya da yawa suna amfani da hasken da ido ba ya gani, don tattalin batir.

5. Haɗa shi da kwamfuta

Har yanzu tsohon yana haɗe. Windows da Mac duka suna karɓar maus biyu a lokaci ɗaya, su riƙa tuƙa kibiya ɗaya, ba abin da zai lalace.

Idan mai risiba ne, cusa sabon risiban a ramin da babu kowa, ka jira kamar daƙiƙa goma zuwa talatin kwamfuta ta ɗora masa direba da kanta, wato 'yar manhajar da ke sa ta gane shi, sannan ka motsa shi. In maus ɗin mai hanya biyu ne, tabbatar maɓallin ƙasa yana kan alamar risiba ko 2.4G, ba kan Bluetooth ba. Sabon maus da tsohon risiba ba za su fahimci juna ba, ko da kamfani ɗaya ya yi su, ko da kamanninsu ɗaya.

Akwai togaciya a kayan Logitech. Risibansu mai suna Unifying, wanda ke da alama ruwan lemo mai kama da tauraro, yana ɗaukar na'urori har shida. Idan tsohon risibanka da sabon maus duka suna ɗauke da wannan alama, za ka iya ɗora sabon a kan tsohon risiba ta manhajar Logi Options+, ka tsira da rami ɗaya. Wannan yana da amfani musamman ga mai kibod a kan risiban. Amma akwai wani sabon nau'i, Logi Bolt, mai alamar walƙiya, kuma shi da Unifying ba sa shiga gonar juna. Duba alamar da ke ƙasan maus da wadda ke jikin risiba, dole su zama iri ɗaya.

Idan na Bluetooth ne, fara buɗe saitin kwamfuta kafin ka taɓa maus ɗin, saboda lokacin da yake jiran haɗi ƙayyadadde ne. A Windows 11, danna Windows tare da I, shiga Bluetooth & devices, kunna Bluetooth, danna Add device, ka zaɓi Bluetooth. A Windows 10, hanyar ita ce Devices, sannan Bluetooth & other devices. A Mac, System Settings, sannan Bluetooth. Yanzu kifa maus ɗin, danne maɓallin haɗi kamar daƙiƙa uku har ɗan hasken ya fara ƙiftawa da sauri. Ƙiftawa a hankali yawanci na nufin yana neman wata na'ura da ya riga ya sani, ba sabon haɗi ba. Sunansa zai fito a jeri, danna shi da tsohon maus ko wurin shafawa na kwamfutar cinya. Idan aka nemi lambar sirri, gwada 0000, sai dai in takardar da ke cikin kwali ta faɗi wata.

Wanda tsohonsa ya riga ya mutu murus, kuma kwamfutar tebur ce, ba sai ya je aro ba. Kibod ya isa: Windows da I su buɗe saiti, Tab ya riƙa tsallakawa daga wuri zuwa wuri, maɓallan kibiya su zaɓa, Enter ya tabbatar. Akwai ma wata dabara a Windows: danna Alt na hagu, Shift na hagu da Num Lock tare, ka amince da tambayar da za ta fito. Daga nan lambobin gefen dama na kibod za su riƙa tuƙa kibiya, 8 sama, 2 ƙasa, 4 hagu, 6 dama, 5 kuma dannawa.

6. Gwada shi sosai

Kashe makunnin tsohon domin ka san wanda ke motsa kibiyar. Gwada dannawar hagu da ta dama, murza taya sama da ƙasa, danne tayar kanta, ja wani fayil daga wuri zuwa wuri ka ga ko yana sakewa. Sannan ka kashe kwamfutar ka sake kunna ta. Wannan na ƙarshe ba a tsallake shi, musamman ga na Bluetooth, domin akwai wanda zai haɗu lafiya yau, gobe da safe ya ƙi dawowa.

7. Yanzu ne za a cire tsohon

Idan mai risiba ne kuma ba ya rabawa da kibod, zare shi kawai. Ba ya buƙatar Eject irin na filas, domin ba ya ajiye komai. Gargaɗi: risiba biyu a gefe ɗaya sukan yi kama har ka rasa na wane ne wanne. Riƙa motsa sabon maus yayin da kake zarewa. In kibiya ta tsaya, ka zare wanda ba shi ba.

Idan na Bluetooth ne, koma shafin da ka yi haɗi, nemo sunan tsohon, ka zaɓi Remove device a Windows, ko Forget This Device a Mac. Barin sa ba ya ɓata komai a yau, amma idan ka ba wani shi kuma yana kusa, zai iya komawa kan kwamfutarka da kansa.

Idan ka taɓa sa manhajar tsohon kamfani, kamar Razer Synapse ko Logitech G Hub, kuma sabon na wani kamfani ne, cire ta, sai fa in kibod ko wani abin naka yana amfani da ita. Wanda ya sanya wa maɓallan gefe ayyuka na musamman ya rubuta su a takarda kafin ya cire, don ba za su bi shi zuwa sabon ba.

8. Daidaita shi da hannunka

Kusan tabbas saurin kibiya zai bambanta da wanda ka saba. A Windows 11, ƙarƙashin Bluetooth & devices akwai shafin Mouse. Nan za ka rage ko ƙara sauri, ka zaɓi yawan layukan da taya ke gungurawa, bahago kuma ya mayar da babban maɓalli zuwa dama. Idan maus ɗin yana da ɗan maɓalli a bayan taya, na DPI ne. Mutane kan taɓa shi bisa kuskure su ga kibiya ta haukace ko ta yi nauyi. Ci gaba da danna shi har ya zagayo inda kake so.

A Mac, idan ka ji tayar tana tafiya akasin yadda ka saba, saitin Natural scrolling ne. Ka sani cewa a haɗe yake da na wurin shafawa, ka sauya ɗaya, ɗayan ma ya sauya.

Manhajar kamfani ba dole ba ce. Sai in kana son sauya aikin maɓallai ko ganin yawan cajin da ya rage. Idan za ka sauke ta, daga shafin kamfanin kansa kaɗai.

9. Idan sabon ma yana tsalle ko katsewa

Kafin ka mayar da shi, duba inda ka cusa risiban. Ramukan USB 3.0, waɗanda galibi cikinsu shuɗi ne, suna fitar da hayaniyar rediyo da ke faɗawa daidai zangon 2.4GHz. Kamfanin Intel ya yi bayani a kan wannan tun 2012. Abin ya fi tsanani idan akwai filas ko ma'ajiyar waje da ke aiki a ramin da ke maƙwabtaka da risiban. Mayar da shi ramin USB 2.0, wanda galibi cikinsa baƙi ne, ko ɗaya gefen kwamfutar. A kwamfutar tebur da ke ƙarƙashin teburi, risiban da ke baya yana fama da ƙarfen akwatin gaba ɗaya. Dawo da shi gaba, ko ka sa 'yar gajeriyar wayar ƙari ta USB ta kawo shi saman teburi. Ana cewa irin waɗannan maus suna kai wa mita goma, amma wannan a fili ne da babu shamaki.

Sai abin da yake tafiya a kai. Gilashi, madubi da teburi mai sheƙi suna rikita idon yawancin maus. Ɗora shi a kan farar takarda ka gwada. In ya daidaita, shimfiɗar maus kake buƙata, kuma ita ce mafi arha a duk kayan nan.

Na Bluetooth da ke yankewa bayan ka bar shi na 'yan mintuna, sau da yawa Windows ce ke kashe Bluetooth don tattalin wuta. Shiga Device Manager, buɗe layin Bluetooth, danna sau biyu a kan sunan na'urar Bluetooth ta kwamfutar kanta, ba sunan maus ɗin ba. Idan akwai shafin Power Management, cire alamar da ke ba kwamfuta izinin kashe na'urar. In duk wannan bai yi ba, cire maus ɗin daga jeri ka sake haɗa shi daga farko. Idan kuma ya yi irin wannan halin a wata kwamfutar daban da sabon batir, to shi ne mai matsala, ɗauki rasidi ka mayar.

10. Abin da za a yi da tsohon

Cire masa batir yau ɗin nan, kada ya kwana a aljihun tebur yana yoyo. Idan yana ɗan aiki, mayar da risiban cikin gidan batir ko ka liƙa shi a jikinsa da salatif, ka ajiye shi don ranar da sabon zai ƙare caji ana tsakiyar aiki. In kyauta za ka bayar, ka bayar da su tare, domin ɗaya ba ya amfani sai da ɗayan.

Idan ya mutu, kuma mai caji ne, akwai batirin litiyam a cikinsa. Kada a jefa shi a wuta, kada a fasa shi, kada a huda shi, saboda yana iya kamawa da wuta. Kai shi wurin da ake karɓar matattun kayan lantarki da batura. Risiban Unifying ko Bolt kuwa ka riƙe abinka ko da maus ɗin ya tafi, zai karɓi wani maus ko kibod mai alama irin tasa.